Kowane Icce da Sunansa: Neman Katako Mai Zane a Ƙasar da Daji Ya Ƙaranta

A kasuwannin katako na ƙasarmu, daga kasuwar Katako ta Yamai har rumfunan Maradi da Damagaram, an rage dukkan itatuwan duniya sun koma iri biyu: jan katako da farin katako. Mai saye ya ce ja yake so, mai sayarwa ya nuna masa tari, a yi ciniki a rabu. Ni da nake koyar da harshe, kuma nake taɓa aikin kafinta idan an yi hutun makaranta, wannan al'amari yana damuna ta fuska biyu. Kakanninmu sun san madobiya, madaci, ƙirya, marke, kanya, kawo da aduwa, kowane da halinsa da aikinsa. Abin da na fahimta cikin shekarun da na yi ina neman katako mai kyau shi ne, wanda bai san sunan icce ba, ba zai sami katakon kirki ba sai bisa sa'a.

Katako mai zane shi ne wanda in an goge fuskarsa ake ganin layuka da igiyoyi da ƙyalli, kamar an rina shadda. Wannan zane yana da dalilai. A jikin madaci, jijiyoyin iccen suna murɗawa dama na wasu shekaru, sannan su koma hagu. In aka tsaga gungumen daga baya zuwa tsakiya, sai a ga ratsi mai haske da mai duhu suna jere. Inda gangar icce ta rabu rassa biyu, zanen yakan fito kamar gashin tsuntsu. Ƙullin da ke kumbura a jikin tsohon icce kuwa, wanda Faransawa ke kira loupe, cike yake da ƙananan idanu. Madobiya tana da ruwan zuma da ratsin ja, ƙirya tana da duhu da nauyi, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke son gawayinta. Aduwa fara ce mai santsi, ita ce ta ba mu allon makaranta. Galibi iccen da ya girma a hankali, ya sha rani da iska, shi ne ya fi tauri da kyan ciki.

To, ina ake samunsa? Kasuwa ita ce ƙofar farko. Yawancin katakon da ke cikinta daga kudu yake zuwa, daga Najeriya, Benin, Gana da Kodibuwa. Akwai na kirki a ciki, amma sai an tona. Nakan tambayi mai rumfa sunan iccen da inda aka saro shi. In ya sani, na san ina gaban mai sana'a. Sannan in kankare ɗan wuri a jikin katakon, in shafa ruwa, domin ruwa yana bayyana zane kamar yadda mai zai bayyana shi daga baya. In duba bakinsa ko ya tsage, in guji farin gefen da ke kusa da ɓawo, don shi gara da ƙwari suke fara ci.

Sai batun bushewa, wanda a nan ne kafintoci da yawa suke asara. Katakon da aka yanka a ƙasa mai laima yana zuwa da ruwa a cikinsa. In aka yi ƙofa da shi cikin damina, hunturu na zuwa zai tsuke, ya karkace, ya tsage. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a bar katako kimanin shekara guda ga kowane santimita biyu da rabi na kaurinsa. A wajenmu yakan bushe da sauri fiye da haka, kuma saurin shi ne haɗarin. A jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin katako da katako, a shafe bakinsa da kakin zuma ko fenti.

Akwai kuma tambayar da ta fi ta kyau nauyi: shin halal ne wannan katako? Daga wajejen 2010 ƴan kasuwar ƙasar Sin suka yi wa madobiya ca, domin tana cikin itatuwan da suke yin kayan ɗaki masu tsada da su. Aka yi ta sararta daga Senegal har Taraba. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag, aka sa ta cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su daga ƙasa sai da izini, a 2022 kuma aka ƙara da madaci da kawo a taron Panama. A nan gida, dokar daji ta 8 ga watan Yuni 2004 ta tsara yadda ake sara, kuma itatuwan da aka kare ba a taɓa su sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Wanda ya san abin da ya rage na dajin Baban Rafi a kudancin Maradi, ba zai ɗauki wannan doka wasa ba.

Saboda haka na fi karkata ga wasu hanyoyi uku. Ta farko, tsohon katako: ƙyauren gidan da za a rushe, gadon da aka daina kwana a kansa, turmin da ya fashe. Waɗannan sun gama bushewa tun da daɗewa, ba za su ƙara motsi sosai ba. Ta biyu, iccen da iskar farkon damina ta kayar, musamman tsofaffin madatan da aka dasa a bakin hanyoyi tun zamanin mulkin mallaka. In an nemi izini, gungume guda yana iya zama teburi da kujeru maimakon ya ƙare a murhu. Ta uku, masassaƙan ƙauye. Mai gizago ya san wane icce ne ya mutu a tsaye, a gonar wa, kuma ya san wanda cikinsa ya rube tun kafin a sara.

Kada kuma mu raina abin da muka shuka da hannunmu. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, dangin madaci ne, kuma tsohonsa yana da jan ciki mai kyau wanda ƙwari ba su cika so ba. Tun 1975 aka fara jera shi a kwarin Majiya na jihar Tawa don tare iska. A yankin Maradi kuwa, tun farkon shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin toho a kan kututture a yi masa aski har ya zama icce. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 na ma'aunin hekta a ƙasar nan. Katakon jikokinmu yana tsaye yanzu a cikin waɗannan gonaki.

Ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu ina da shawara mai sauƙi. Kowace makaranta ta tara ƴan guntayen katako, kowane kamar tafin hannu, a goge su, a rubuta a bayan kowane sunansa na Hausa, da na Faransanci, da na kimiyya. A gayyato tsohon masassaƙi ya zo aji ya yi bayani, ɗalibai su rubuta kalmominsa. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai niyya. Yaron da ya riƙe ƙirya a hannu ya ji nauyinta, ya shinshina madaci, ya ga ratsin madobiya, in ya girma ya shiga kasuwa zai tambayi suna da asali kafin ya tambayi farashi, kuma mai sayarwa dole ya nemo amsa.