Ranar da hoton ƴar'uwarmu ya shiga WhatsApp

Ƴan uwa mata, a ƙungiyarmu abin da aka faɗa gaban akwati nan yake tsayawa. Ko maigida ba ya jin nawa mace ta zuba, sai in ita ta so. Shi ya sa abin da ya same mu bara ya yi mana ciwo.

Mun ɗauki bashi a wani gidan ba da rance don sarin gyaɗa. Ma'aikacinsu ya rubuta sunayenmu da lambobin wayarmu, ya ɗauki hoton katin shaidar kowa. Ɗaya daga cikinmu, ɗanta ya kwanta asibiti, ta yi jinkirin biyan jika 15 na sati biyu. Sai ga hoton katinta a zauren WhatsApp na unguwa, an rubuta abin da ake bin ta a ƙasa. Kishiyarta ce ta fara gani. Kun san sauran. Wallahi wata guda ba ta fito taro ba.

Da farko wasunmu sun ce a bar wa Allah, kar a hana mu rance gaba. Shugabarmu ta ce bashi daban, tonon asiri daban: kuɗin za mu biya, amma katin ba don haka muka ba da shi ba.

Kafin a goge saƙon, magatakardarmu ta ɗauki hotonsa, da ranar da lambar wanda ya turo. Wannan ne ya cece mu, don ma'aikacin ya fara da musu. Muka sa malamin makaranta ya rubuta mana takarda da Faransanci, kofi biyu, muka je mu huɗu wurin darektan. Mun nemi a cire hoton, a ba ta haƙuri a zauren da aka kunyata ta. Muka ce a buga mana hatimi a kofinmu. Mun kuma gaya masa mun san tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP a Yamai mai karɓar irin wannan ƙorafi. Nan ya gyara zama.

An cire hoton bayan kwana uku. Haƙurin kuwa ta waya aka ba ta, ba a zaure ba, kuma har yau wannan bai gamsar da mu ba. Ta biya jikarta 15 daga asusun taimakonmu, ta dawo taro ranar Laraba.