Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A garin Bazaga, yamma da Birnin Ƙonni, akwai wani malamin makarantar boko da ya daɗe yana koyar da tarihi da labarin ƙasa. A bangon zaurensa akwai wani zane na fentin ruwa, wanda faɗinsa bai wuce kamu biyu ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya kwaikwayo shi daga cikin littafi, ya kawo masa tsaraba. Ɗigon damina ya taɓa kusurwa ɗaya, launin sama ya ɗan zubo kan rufin gidaje. Zanen yana nuna birnin Kano kamar yadda aka hango shi daga kan Dutsen Dala a shekarar 1851. Shekara da shekaru malamin yana ɗaukar sa zuwa aji yana cewa yara: ga Kano ta dā. Daga baya ya daina faɗin haka, kuma yana da dalilinsa.

Kafin zanen ya iso Bazaga ya bi ta hannu huɗu. Na farko shi ne hannun Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi da ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim. Ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, ya sauka a unguwar Dala inda fataken Larabawa suke zama, ga zazzaɓi ga bashi. Ran 10 ga watan ya hau dutsen ya zayyana abin da ya hango. Hannu na biyu na Johann Martin Bernatz ne, mai zanen shimfiɗar ƙasa a Jamus, wanda aka ba zayyanar Barth don ya mai da ita cikakken hoto. Bernatz ya je Gabas ta Tsakiya, ya je Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Na uku shi ne na masu ɗab'i, waɗanda suka kwafe hoton a kan dutsen bugu, aka fitar da shi cikin littafin tafiyar Barth mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. Na huɗu shi ne na ɗalibin, da ɗan burushinsa da kwanon ruwa.

Abin da ido yake fara cin karo da shi a zanen shi ne faɗi. Sama ta kwashe babban rabo na takardar, birnin kuwa ya kwanta ƙarƙashinta, ya miƙe har inda ƙasa ta haɗu da hazo. Babu wani gini guda da ya danne sauran. Soraye na ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi sun cakuɗe da bukkoki masu jinka, sa'an nan dogayen itatuwa, musamman dabino, suna ratsa wannan shimfiɗa a tsaye, su ne suke hana ido zamewa ya fice daga takardar. Launuka kaɗan ne: jan ƙasa da ruwan toka ga gidaje, tsanwa mai duhu ga ganye, shuɗi mai haske ga sama.

Fentin ruwa yana da nasa hali, kuma malamin ya koye shi daga bakin ɗalibin nasa. Mai wannan aiki yana farawa da launi mafi haske, ya bari ya bushe, ya ɗora mai duhu a kai. Inda yake son fari, sai ya bar takardar yadda take. In ya yi kuskure, gyara yana da wuya, domin launin ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama. Nisa kuma da ruwa ake yin sa: gidajen kusa an ba su launi mai kauri da inuwa, na nesa an tsinka musu fenti har suka zama kamar hayaƙi. Wannan ya dace da Kano a watan Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu take shafe iyakar gari da daji. Sai dai ruwan da ya kawo wannan taushi shi ne kuma ya wanke birnin tas. Ba ƙura a ƙafar kowa, ba kwata, ba juji, ba hayaniya.

Wata rana wata yarinya ƴar aji shida ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to ina mutanen garin?" Malamin ya nuna mata ƴan ɗigo-ɗigon da ke gindin dutse. Ta ce ai waɗannan ba su kai mutanen kasuwar Ƙonni ba. Ya rasa amsa. Da ya koma gida ya sake duba abin da Barth ya rubuta game da Kano, sai ya ga rubutun ya fi zanen cika nesa ba kusa ba. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, kuma sukan kai 60,000 a watannin da fatake suke sauka. Ya ce tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kai wa har Tarabulus da Tambutu, ya ƙiyasta kuɗinsu wuri miliyan 300 a shekara. Ya yi maganar Jakara, ruwan da ya raba birnin biyu, da irin cutar da yake jawowa. Ya kuma ce bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara za su kai kimanin 5,000.

Duk wannan babu shi a zanen. Masaƙi da marini da mabugi, waɗanda hannuwansu suka tara arzikin garin, suna ƙarƙashin rufin nan masu kyan launi. Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, ta narke cikin hazo. Wanda aka kamo daga garinsu aka tsayar don a yi cinikinsa, shi ma ya zama ɗan ɗigon ruwan toka, daidai da wanda ya zo sayensa. Ba a ce mai zanen ya yi ƙarya ba. Ya tsaya ne a inda ba a ganin waɗannan abubuwa, kuma wanda ya shafa launin bai san su ba ko kaɗan.

Hausawa suna cewa hangen Dala ba shiga birni ba. Asalin maganar game da matafiyi ne da ya tsinkayi dutsen daga nesa ya ɗauka ya iso. Malamin ya lura cewa karin maganar tana aiki ko an juya ta: wanda ya hau Dala ya hangi birni, shi ma bai shiga ba. Dutsen da labarin Kano ya ce Barbushe yake hawa shi kaɗai ya sauko wa jama'a da saƙon Tsumburbura, a zanen ya zama wurin tsayuwar baƙo mai awo da lissafi. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar Barth, kuma cikin abin da aka aike su nema har da hanyoyin ciniki. Masu karatu a Landan da Jamus suka buɗe littafi suka ga birni babba, mai arziki, a kwance lafiya lau. Shekara 52 bayan hawan Barth, a Fabrairun 1903, sojan Ingila suka ci Kano. Ba zanen ne ya kawo su ba, amma yana cikin abubuwan da suka koya wa Turai yadda za ta dubi ƙasar Hausa, wato daga sama kuma daga nesa.

Da haka malamin ya kusa sauke zanen daga bango. Abin da ya hana shi wata magana ce da wani dattijo ya yi a zaurensa. Dattijon ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Malam, su Kanawa sun ji daɗi, an bar musu kamannin garinsu. Mu fa, ina namu?" Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisa mai yawa, ta cinna wa garin wuta. Malamin ya yi shekaru yana koyar da wannan labari, amma bai taɓa riƙe wata takarda da zai ɗaga ya ce wa yara ga yadda birnin kakanninku yake kafin wannan rana ba. Abin da yake da shi sai abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu, kuma tsofaffin suna ta ƙarewa.

Daga nan ya fahimci cewa zanen Kano, duk da abin da ya ɓoye, shaida ce mai daraja. Yana nuna irin ginin, da yadda soro da bukka suke zaune gefe da gefe, da yawan itatuwa a cikin gari, abin da Bakanon yau zai hau Dala ya nema ya tarar kwano da siminti sun rufe. Shaidar baƙo ba a jefar da ita, ba a kuma haɗiye ta ɗanye. Ana tambayar ta, kamar yadda alƙali yake tambayar mai ba da shaida: ina ka tsaya, me ka gani da idonka, me aka faɗa maka, wa ya aiko ka?

Yanzu in ya kawo zanen aji, waɗannan tambayoyi yake fara rubutawa a allo. Yara su faɗi abin da suka gani, sa'an nan su lissafa abin da ya kamata a ce yana nan amma babu. Bayan haka yakan raba musu takarda, su jiƙa shuni da jar ƙasa da gawayi, tunda fentin kanti ya fi ƙarfin aljihun makarantar, ya tura su su zano Bazaga. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya hau tudu. A tsaya a bakin rijiya, ko a rumfar mahauta, ko a ƙofar gida inda ake daka, a zana mutum da girmansa yadda za a gane shi. Zanen yakan fito a karkace, rumbu ya fi masallaci tsawo, jaki ya yi kama da akuya. Malamin yana rubuta shekara da wurin tsayuwar mai zane a bayan kowace takarda, ya adana su cikin akwatin ƙarfe inda gara da ɗigon damina ba za su kai ba.