Wata Ziyara ga Ɓerayen Aylesbury

Daga tashar Marylebone ta Landan, jirgin ƙasa kan kai mutum Aylesbury cikin kamar awa ɗaya, ta tsakanin tuddan Chiltern masu ciyawa shar. A wannan gari ne a 1901 wata mata mai suna Mary Douglas ta shigar da ɓeranta gasar nunin dabbobi, ya kuma zo na ɗaya. Yau masu wannan kiwo a Ingila suna da ƙungiyarsu, National Fancy Rat Society, wadda aka kafa a 1976. Ta hannun wani abokin karatu na samu wata dattijuwa a bayan gari da ta yarda in zo in ga nata.

Duk wanda ya tashi inda ɓera ke nufin ɓarnar hatsi da zazzaɓin Lassa, sai ya danne zuciya kafin ya shiga irin wannan ɗaki. Amma waɗannan ba jinsin da ke yaɗa Lassa ba ne, kuma kaka da kakanni a hannun mutane aka haife su.

Mata zalla take kiwo, a keji mai hawa-hawa da ya kai ƙirjina. Ban daɗe da zama ba wata baƙa mai fari a cikinta ta kifar da wata ƙarama, ta danne ta, ta shiga lasar wuyanta da ƙarfi, ƙaramar tana ta tsuwa. Na zabura. Mai gidan ta ce in kwantar da hankalina, in dai babu jini, babu gashi a tsaye, to ba faɗa ba ne. Baƙar ce uwargida, tana tuna wa yarinyar matsayinta. Can kuma sai ga su biyun sun cure wuri guda suna barci.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne girman nan ba ya zama daram. Macen ɓera kan nemi barbara duk bayan kwana huɗu ko biyar, kuma a daren sai ka ga mai kunya ta rikiɗe, tana tsalle, kunnuwanta na rawa, 'yan'uwanta mata suna hawanta. Washegari tsari ya koma yadda yake, ko ya ɗan sauya. Wadda ke fara cin abinci ba lalle ba ne ita ce mai wurin kwana mafi ɗumi. A ganina wannan ya fi kusa da sasantawar yau da kullum fiye da mulki. Na tuna binciken da aka yi a Jami'ar Chicago a 2011, inda ɓeraye suka riƙa buɗe wa abokan zamansu da aka kulle, kuma mata sun fi maza yin hakan.

Kafin in kama hanyar tasha ta nuna mini yadda take haɗa sababbi da tsofaffi: a ƙaramin akwati wanda babu warin kowacce a cikinsa, sannan a riƙa faɗaɗa wurin sannu a hankali. Ba ta taɓa kawo guda ɗaya, sai biyu. Rayuwarsu shekara biyu zuwa uku ce, ƙarin mama kuma yana yawan kama matan, don haka kullum tana lissafin kada mutuwa ta bar wata ita kaɗai a keji.