Shari'ar Hankaka a Zauren Malam

Shekarar 1984 ta gwada mutanen yammacin Kano. Ruwan sama ya yi ƙaranci, ga canjin kuɗin da gwamnatin Janar Buhari ta yi a watan Afrilu, ga iyakokin ƙasa a rufe. Hatsi ya yi tsada a kasuwannin Gwarzo da Getso, har gidajen da suka saba cika wa almajiri akushi suka koma ba da ƙanzo. Ni ɗan gari ne, ina karatun allo a tsangayar unguwarmu tare da yaran da aka kawo daga ƙauyukan Kabo da Karaye da wajen Malumfashi. Na ga yunwarsu da idona.

A cikinsu akwai wani titibiri daga wajen Garo, gwanin harbi da danƙo. Kurciya da hasbiya sun yi wuya, sai ya koma bayan mahauta, inda hankaki da ungulu ke taruwa a kan jini da tumbi. Wata rana da hantsi ya karya wa wani hankaka fiffike, ya yanka shi, ya fige, ya gasa a wutar karan dawa. Ina cikin yaran da suka kewaye wutar. Wata dattijuwa mai tallan daddawa ta hangi baƙin gashi a ƙasa, ta saka salati. Kafin Azahar maganar ta gama unguwa: almajirai sun ci haram.

Wanda abin ya fi damu shi ne kawuna. Saurayi ne mai son hadisi, bai daɗe da dawowa daga karatu a Kano ba, kuma ba ya barin karatun Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna ya wuce shi. Bayan La'asar ya shiga zauren Malam, mai tsangayarmu, ya durƙusa ya yi gaisuwa, mu kuma muka cika bakin ƙofa.

Malam bai fara da littafi ba. Yaron ya kira, ya ce, "Kai, da ransa ka same shi?"

"Da ransa, Allah gafarta Malam."

"Ka yanka? Ka yi bisimilla?"

"Na yi."

Malam ya ce da dutsen ne ya kashe tsuntsun, da babu wata doguwar magana, mushe ne ko da kurciya ce. Sannan ya dubi kawu ya ce, "To ɗana, faɗi abin da ka zo da shi."

Kawu ya kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, kan halittu biyar masu ɓarna da aka yarda a kashe su ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Ya ce wata ruwayar Muslim ta ƙayyade hankaka mai ratsin fari, namu kuwa ga farin ƙirjinsa kowa na gani. Abin da aka ce a kashe don mugun halinsa, in ji shi, ba abinci ba ne, balle tsuntsun da ke kiwo a juji.

Na zaci Malam zai husata. Sai ya ce, "Ka yi karatu. Abin da ka faɗa shi ne fahimtar Shafi'awa da Hambalawa, kuma su ma sun halatta ƙaramin hankakan gona mai cin hatsi. Hanafawa abincin tsuntsun suke dubawa: mai cin mushe zalla sun hana, mai cin ƙwaya zalla sun halatta, mai haɗa biyun kuwa Abu Hanifa ya sassauta, almajirinsa Abu Yusuf ya ƙi."

Daga nan ya jawo gafaka ya fito da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ɗora Muhtasar na Shehu Halilu a kai. Ya bayyana cewa a mashahurin zancen mazhabar Imamu Malik, wadda ƙasar Hausa ke bi tun kaka da kakanni, tsuntsaye duka halal ne, har masu farauta da farce, har masu cin ƙazanta. Madogararsu aya ta 145 ce a Suratul An'am, wadda ta lissafa mushe da jinin da ya kwarara da naman alade da abin da aka yanka don wanin Allah. Umarnin kashe hankaka kuwa sun fahimce shi a kan kare mutane daga ɓarnarsa.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, kai za ka ci?"

"Ba zan ci ba, raina ba ya so. Amma ka tuna an kawo naman damo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya janye hannunsa saboda ba a san shi a ƙasar mutanensa ba. Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Ƙyamar raina ba ta da ikon haramta wa wani abinci."

Kawu bai bar ra'ayinsa ba, Malam kuma bai nemi ya bari ba. Ya ce wanda ya guje wa naman don fita daga saɓanin malamai ya kyauta. Abu ɗaya ya hana: kada wanda ya sake kiran yaron nan mai cin haram. Sannan ya juya ga magidantan da suka taru, ya tambaye su gida nawa ne cikinsu ya ba almajiri tuwo daren jiya. Ba wanda ya amsa. Tun daga daren, gidajen unguwar suka raba yaran tsangayar a tsakaninsu, kowane gida da almajirinsa. Kawu ne ya ɗauki titibirin nan.

Da na girma na karanta cewa wannan mas'ala ta taɓa haddasa zazzafar jayayya a Indiya tsakanin malaman Diyoband da mabiya Ahmad Rida Khan na Bareli, bayan fatawar Rashid Ahmad Gangohi da ta halatta hankakan gari. Na gode wa Allah da ya sa na fara jin ta a bakin mutumin da ya san hujjar abokin saɓaninsa kamar yadda ya san tasa. Kalmar haram tana da nauyi, domin hukunci ne da ake jingina wa Allah. Wanda zai ɗora ta a kan mai jin yunwa, ya fara sanin abin da malamai suka ce, ya kuma tambayi kansa me ya ba shi ya ci.