Daga Ƙofar Jirgi Zuwa Misfala

Duk wanda ya dawo daga ƙasa mai tsarki, in ka je yi masa barka da sauka, labari biyu zai ba ka, na jirgi da na Ɗakin Ka'aba. Abin da ke tsakanin biyun, wato sa'o'in nan da mutum kan yi tun daga lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi har ya ajiye jakarsa a masauki, ba kasafai ake ba da labarinsa ba. Ko a littattafanmu ma layi ɗaya ake ba shi: jirgi ya sauka, direba na jira, aka wuce gida. Mu kuwa, mai karatu, a cikin wannan ɗan tsakanin ne muka gamu da abin da har yau bai bar ranmu ba, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi wannan fili.

Mu huɗu ne muka tashi umara daga Kano a hutun Disambar 2023, malaman sakandare uku da tsohon hedimastanmu wanda ya yi ritaya, bayan shekara uku muna zuba adashi. A da, awa huɗu da rabi zuwa biyar ke kai mutum Jidda. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun wannan shekara aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage su yi zagaye, don haka sai da muka haura awa shida a sama. Mu da muke koyar da Labarin Ƙasa, mun fi shekara goma sha biyar muna zana Bahar Maliya a kan allo da alli, sai ga shi ranar da za mu tsallake ta dare ne, ba mu ga komai ba sai duhu, sannan fitilun Jidda suka bayyana kamar an watsa garwashi.

Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewacin birnin, an buɗe shi a 1981. Baba Hedimasta, wanda ya sauke farali tun kafin mu fara aikin koyarwa, tun daga Kano yake ba mu labarin Madinatul Hujjaj, masaukin alhazai mai rufi kamar tantuna, guda 210, inda ya ce sun yi wuni da kwana a kan tabarma suna jiran motar da za ta kwashe su. Yana nan har yanzu, ana kuma amfani da shi, amma mu a sabon ginin da aka buɗe a 2019 aka sauke mu, mai santsin daɓe da matakala mai tafiya da kanta da wani ƙaton tulun gilashi cike da kifaye masu rai. Baba ya tsaya ya dube shi, ya ce, "To, yau dai jagoranku ya zama baƙo." Da ma ransa a ɓace yake tun daga gida, domin an gargaɗe mu cewa hukumar ƙasar ba ta yarda a shiga da goro ba.

Wajen shige da fice bai ɗauke mu lokaci mai yawa ba. Aka ɗauki hoton fuska da na yatsu, aka buga hatimi, muka ɗauki kaya. A nan ne fa mutum zai fara gane matsayinsa. A gida, in muka shiga aji yara sittin ke miƙewa tsaye. A nan ga mu cikin harami, gwado biyu farare da silifa, ba hula ba aljihu, ba abin da ya bambanta mai difloma da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Turancin da muke tinƙaho da shi ya yi mana amfani wajen karanta alluna kawai. Larabcin makarantar allo da na Islamiyya kuwa, in ka yi wa ma'aikaci sai ya yi murmushi, ya amsa maka da wani irin Larabci mai gudu wanda ba ka tsinci ko kalma biyu a ciki ba.

Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Wakilin da ya yi mana biza ya yi alkawarin mota za ta jira mu, har da lambar direba ya rubuta mana a takarda. Muka sayi layin waya, muka kira har sau bakwai, a kashe. Akwai jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, tasharsa a jikin ginin take, yana kuma kai mutum Makka cikin ƙasa da awa guda. To amma na ƙarshe ya riga ya tashi, sai da safe, ga shi kuma an ƙayyade kayan da fasinja zai shiga da su, mu kuwa har da garin kunu da yaji da kilishi muka yi guzuri. Saura tasi. Na farko da muka taya ya ce riyal 400. Riyal ɗaya a lokacin yana wajen naira 300 a kasuwar Wapa, sai kowannenmu ya yi shiru yana lissafi a zuci, domin malamin makaranta ko a mafarki aka faɗa masa farashi sai ya auna shi da albashinsa.

Muna cikin wannan shawara, da Hausa ba shakka, kuma da ƙarfi kamar yadda muka saba, sai wani saurayi baƙi siriri cikin farar jallabiya ya rage tafiya kusa da mu, bai ko dube mu ba, ya ce, "Alhazai, sannunku da hanya. Makka ne? Ku biyo ni a hankali, kar ku yi magana da ni sai mun fita."

Ya kamata a nan mu faɗi gaskiyar abin da aka cusa mana tun daga gida. Kowa ya yi mana nasiha a kan 'yan takari: kada ku saurare su, kada ku ba su fasfo, kada ku karɓi saƙonsu. Nasihar ba ta rasa tushe ba, don an sha cutar baƙi. Sai dai yadda muke furta kalmar, da ɗan taɓe baki, kai ka ce sunan wata cuta ce. Asalinta kuwa daga Takruri ne, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran mutanen yammacin Afirka da shi. Muka dubi juna, muka dubi Baba. Ya ce, "Wanda ya gaishe ka da harshen uwarka a tsakar dare, ai ka saurare shi tukuna." Aka daidaita a kan riyal 250, a biya in an isa.

Tsakanin filin jirgin da Makka kusan kilomita 100 ne. Hanyar ta bi ta gabashin Jidda ta yi kudu, sannan ta karya gabas ta nufi duwatsu, fitilu reras kamar rana. Muna talbiyya, in mun numfasa Baba ya jefa wa direba tambaya, domin tsohon malami ba ya iya zama kusa da yaro bai yi masa jarrabawa ba.

"Ɗana, kai mutumin ina ne?"

"Mutumin Haɗeja ne ni, Baba Alhaji."

"Wace unguwa?"

Ya yi dariya. "Wallahi ban taɓa zuwa ba. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina."

Hausarsa tsaf take, amma irin ta tsofaffi, ga Larabci a barbaɗe a ciki kamar gishiri: mota sayyara, kuɗi fulus, in magana ta ƙare ya ce halas. Kakansa, in ji shi, da ƙafa ya taso tun yana saurayi, ya ratsa Barno da Chadi, ya yi shekaru a Sudan yana aikin auduga a gonakin Jazira yana tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya tsallako daga Sawakin. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mai karanta tarihi. Ita ce mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi a 1903, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kuma dubban talakawa sun bi ta a bayansu, wasu suka isa, wasu suka zauna a hanya, wasu kuma ƙasa ta rufe su a can. Sai muka tuna cewa ƙasar da wannan tsoho ya taka da ƙafa shekara da shekaru, mu a daren nan ko ta samanta ba mu sami ikon wucewa ba.

Jikokin waɗannan matafiya ba rabo ɗaya suka samu ba. Waɗanda kakanninsu suka yi rajista da wuri sun zama 'yan ƙasa, su ne ake gani da laƙabin Hausawi a ƙarshen suna. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, ɗan Makka ne. Wasu kuwa, kamar direbanmu, da igama suke zaune, wato takardar izinin zama da ake sabuntawa da kuɗi, a garin da aka binne cibiyarsu. Akwai kuma waɗanda ko ita ba su da, kullum cikin fargabar tarhil, a kama mutum a mayar da shi ƙasar da bai san kowa ba a cikinta. Ya ce 'yan uwansa na Jidda sun watse tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail a ƙarshen 2021. Bai faɗi haka da kuka ko zargin kowa ba, ya faɗe shi ne yana duba madubi zai canza layi. Mun fahimci kuma dalilin da ya sa ya hana mu yi masa magana a cikin gini: motar gida ce, ba ta haya mai rajista ba, in aka kama shi tara ce mai nauyi.

A ganinmu akwai rashin adalci a yadda mu mutanen gida muke yi wa waɗannan bayin Allah kuɗin goro. Su ke tura keken tsofaffinmu, su ke dafa tuwon da alhajinmu ke nema in shinkafar Larabawa ta gundure shi, su ke yi masa tafinta a asibiti da kasuwa. In ya dawo, labarin wanda ya cuce shi kaɗai zai bayar.

Bayan mun wuce Bahra muka iso shingen Shumaisi, kusa da Hudaibiyya, inda alluna ke nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai ratse. Direba ya rage gudu, ya gyara zama, ya daina magana. Askar ya haska fitila, ya ga fararen gwaduna huɗu, ya yi mana hannu mu wuce. Can gaba muka bi ta ƙarƙashin ƙofar nan da aka gina kamar buɗaɗɗen Alƙur'ani a kan marfa'i, ba a jima ba kuma agogon dogon benen da ke gefen Harami ya leƙo daga bayan duwatsu, kore shar. Daga nan babu wanda ya sake cewa uffan in ban da talbiyya, muryar Baba tana rawa.

Masaukinmu a Misfala yake, can ƙasan titin Ibrahim Khalil, a wani lungu da mota ba ta shiga. Saurayin ya kashe mota, ya saɓa jakar Baba a kafaɗa, ya yi gaba muna biye, ya tashi mai tsaron masaukin, ya yi masa bayani da Larabci har aka ba mu makulli. Ya nuna mana hanyar da za mu bi zuwa Harami da inda ake sayar da koko da ƙosai da asuba. Muka ƙirga masa riyal 250. Ya mayar wa Baba da 20, ya ce a sha shayi, sannan ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

"Baba Alhaji, wai da gaske ne kogin Haɗeja yakan cika har ya shigo gari? Kakana kullum sai ya ba mu labarinsa."

Baba ya ce da gaske ne, ko a daminar 2020 ma ya yi ɓarna ƙwarai. Saurayin ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba labari mai daɗi, ya yi mana sallama, ya ce zai koma Jidda, akwai jirgin da ke sauka ƙarfe biyar.