Na gwada Brave a kan Linux Mint, ga yadda muka ƙare

'Yan uwa da muke karatu a nan Kudu, ku ji labarina ko wani zai tsira.

Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta 4GB, ba ta ɗaukar Windows 11, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoba 2025. Kuɗin sabuwa babu, sai na sa mata Linux Mint, tunda kyauta ne. Firefox ya zo a ciki, amma wani abokina Bayarabe ya ce in gwada burauzar Brave.

Gaskiya ta yi min. Da kanta take tare tallace-tallace, shafuka na buɗewa da wuri, data kuma tana ɗan jimawa. Da yake a kan Chromium aka gina ta, Zotero Connector ya hau ba gardama.

Sai dai na tafka wauta: na goge Windows ban kwashe bukmak ɗina ba. Maƙalun da na yi wata shida ina tarawa don babi na biyu, duk sun tafi. Kwana uku na yi ina nemo su ɗaya-ɗaya, ga sufabaiza na jirana ranar Litinin.

Don Allah kafin ka goge komai, fitar da bukmak ɗinka a fayil ɗin HTML, ka adana a filashi. Aikin minti biyu ne.

Allah Ya sa mu gama lafiya.