Gurbin da ya yi wa Inna kaɗan

Kowace shekara, da zarar sakamakon bakaloreya ya fito, ɗalibai kan yi cincirindo wajen ajiye dosiye: wasu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta samu wannan suna a 1992, wasu a jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa. Cikin takardun da ake cikawa akwai gurabe biyu maƙwabta: sana'ar uba da sana'ar uwa. Na farko ba ya ba ɗalibi wuya. Manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin gwamnati. A na biyu ne alƙalami ke tsayawa.

Faransanci ya tanadi amsa biyu, "ménagère" ko "sans profession", wato matar gida ko marar sana'a. Gado ne daga mulkin mallaka, kuma a ƙasar Faransa kanta sai a watan Yuli na 1965 doka ta yarda wa matar aure ta kama aiki ko ta buɗe ajiya a banki ba da izinin mijinta ba. Takardar da aka tsara a wancan zamani ba ta san aiki ba sai wanda ake fita a yi, a karɓi albashi ƙarshen wata.

Wata ɗiya a Maraɗi ta zauna da takardarta a tsakar gida, mahaifiyarta tana gefen murhu tana kwasar ƙuli-ƙuli. Ta ce: "Inna, sun ce a rubuta sana'arku." Uwar ba ta ɗaga kai ba, ta ce: "Ke ɗiyar nan, rubuta ba ni da aiki, kamar yadda aka sa a takardar haihuwarki." Ɗiyar ta yi shiru, domin ta san lissafin. Tun asuba Inna ke tashi. Tana matse man gyaɗa, tana dama hura, tana ɗora wa yara talla. Da kuɗin adashinta aka sayi littattafan lakkwal tun daga ajin farko, kuma lokacin da albashin maigida ya yi watanni bai zo ba, tukunyarta ce ta riƙe gidan. Yanzu ana so ɗiyar da wannan gumi ya kai jami'a ta sa hannu a kan cewa uwarta ba ta yin komi.

Masana sun daɗe da ganin abin da takarda ta kasa gani. A 1969 Polly Hill, 'yar Ingila, ta yi rubutu a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, ta kira shi ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako suna ba juna rance. Wanda ba shi da sana'a, da me zai yi zubi? Hukumar Ƙwadago ta Duniya kuwa ta bayyana a 2018 cewa kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, mata ne ke yin sa, kuma wannan aiki ya hana mata miliyan 606 shiga aikin albashi, maza kuwa miliyan 41.

To, me ke sa iyaye mata kansu su zaɓi "marar sana'a"? Akwai kunya, don mace ba ta son a ce tana yabon kanta. Akwai tsoro: wata na ganin in aka rubuta 'yar kasuwa za a ɗauka gidan masu hali ne, ɗanta ya rasa bursu, ko masu haraji su biyo sawu. Akwai kuma sabo da ganin cewa daka da girki da reno ba aiki ba ne, zaman aure ne kawai. Abin lura shi ne, magidancin da ya rasa aiki yana zaune gida ba ya yarda a bar gurbinsa fayau. Ko buhu ɗaya na gero ya noma bara, manomi za a rubuta.

A Amurka, takardar haɗin gwiwa da ɗaruruwan jami'o'i ke karɓa tana da jerin sana'o'in iyaye, a ciki har da mai kula da gida, da kalmar da ba ta bambanta mace da namiji ba. Ba albashi ta ba kowa ba, amma ta amsa cewa riƙon gida sana'a ce mai suna.

Nan gida ma gyaran ba ya bukatar kasafi. Ɗalibi ya zauna da mahaifiyarsa kafin ya cika gurbin, ya rubuta gaskiya: matar gida kuma mai sayar da mai, matar gida kuma mai kiwon tumaki, matar gida kuma mai ɗinki. Ma'aikacin biro ya karɓa haka, kada ya soke rabin amsar. Hukumomin jami'a da na bursu su fito fili su faɗa wa iyaye abin da ake yi da wannan amsa, don tsoro ya kau. Daga irin waɗannan takardu ne gwamnati ke sanin ko ɗiyan su wane ke zaune a azuzuwanta. Muddin ana rubuta mata "marar sana'a", lissafin ƙasa zai ci gaba da nuna cewa uba kaɗai ya kai yaro jami'a.